Ina Ake Samun Kiɗan Gargajiya? Nazarin Wuraren Kiɗa a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ɗalibai masu shirin fita binciken waƙar baka kan yi wa malamansu, watau, a ina za su sami makaɗa suna cikin kiɗa? Tambayar tana da sauƙin yi, amma amsarta ba ta da sauƙin bayarwa, domin kuwa mai yin ta ya riga ya ɗauka cewa akwai wani gida ko wani ɗaki sananne wanda kiɗa yake zaune a cikinsa, in an je an same shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a ƙasar Hausa kiɗa yana bin lokaci ne da sha'ani da ubangida, kuma waɗannan uku su ke zaɓa masa wuri. Za a ɗauki ƙasar Tambuwal da Kebbe ta kudancin Jihar Sakkwato a matsayin misali. Za a fara da kwatanta al'adar wata ƙasa inda kiɗan gargajiya ya sami mazauni na dindindin, sa'an nan a bi wuraren kiɗa na wannan yanki ɗaya bayan ɗaya, a ga wanne ne yake raye, wanne ne ya kau, da kuma abin da kawarsa ta jawo.

2.0 Misali Daga Ƙasar Ailan

Baƙon da ya sauka birnin Dabilin na ƙasar Ailan yana son ya ji kiɗansu na gargajiya ba ya shan wahala. Sai a nuna masa wata mashaya, a gaya masa daren da makaɗa suke haɗuwa a can. In ya je zai tarar da mutane kaɗan sun kewaye tebur a wata kusurwa, wani da goge irin nasu, wani da sarewa, wani da 'yar ganga mai fuska ɗaya mai kama da bandiri. Duk wanda ya san karin da ake kaɗawa yana iya jawo kujera ya sa hannu. Yawancinsu ba sana'arsu ke nan ba, kuma ba wani mutum suke wasawa ba. Juna suke yi wa kiɗan, masu shaye-shaye suna saurare daga gefe.

Abin lura shi ne wannan al'ada ba tsohuwa ba ce kamar yadda ake zato. A da can a gidajen ƙauye ake yin kiɗan, a ɗakin girki ko a wurin rawa. 'Yan ci-ranin Ailan da suka je aikin gini a Landan bayan Yaƙin Duniya na Biyu su ne suka mai da shi mashaya, saboda ɗakunan hayarsu ba sa ɗaukar taro. A 1951 aka kafa ƙungiyar Comhaltas a garin Mullingar don raya wannan kiɗa, daga nan al'adar zaman kiɗa ta yaɗu a ƙasar. Yadda mutanen suka ɗauki waɗannan wurare da muhimmanci ya fito fili a 2021, sa'ad da aka so a rushe wani sashe na mashayar Cobblestone ta Dabilin don a gina otal. Jama'a suka yi zanga-zanga, hukumar birnin kuma ta ƙi ba da iznin ginin.

Darasin da ke cikin wannan misali biyu ne. Na farko, kiɗa yana iya sauya mazauni in rayuwar masu shi ta sauya. Na biyu, in mazaunin ya rushe ba a sami wani ba, kiɗan ma yana cikin haɗari. Da wannan ma'auni za a auna abin da ke ƙasar Tambuwal da Kebbe.

3.0 Yankin da Ake Magana a Kansa

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Jega da Yawuri. Kebbe kuwa tana kudu da ita, tana iyaka da ƙasar Gummi ta Jihar Zamfara da kuma Jihar Kebbi. Kafin a yanke Jihar Kebbi a 1991 da Jihar Zamfara a 1996, duk jiha ɗaya ce, kuma har yanzu makaɗi bai san da waɗannan iyakoki ba. Inda aka kira shi nan yake zuwa. Mazauna yankin manoma ne da makiyaya da masunta da 'yan kasuwa, Hausawa da Fulani, kuma Hausar da ake yi a nan ta yamma ce, wadda a cikinta ake cewa kiɗi maimakon kiɗa.

Tarihin garin Tambuwal yana da nasaba da batunmu. Nan ne mazaunin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, wanda malami ne kuma mawallafin waƙoƙin Larabci, kuma ribaɗi ne na tsaron wannan sashe a zamanin yaƙe-yaƙe da Kabawa. Matsayin shugabannin jihadi game da kiɗa sananne ne. A cikin Kitab al-Farƙ an lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana a cikin halayen mulkin da aka zo gyarawa, amma an bar ƙofa ga ganga in da wata bukata ta shari'a, kamar tara mayaƙa. A wasu rubuce-rubucensa na baya Shehu ya kawo saɓanin malamai a kan wannan mas'ala, ya sassauta. Veit Erlmann ya tattara waɗannan nassoshi a littafin da ya wallafa a 1986. Abin da ya biyo baya shi ne kayan kiɗa suka kasu daraja daraja. Tambari da kakaki suka tsaya a fada, kalangu da ganga suka tsaya tare da masu sana'a, goge da garaya kuwa, saboda dangantakarsu da bori, aka tura su gefen gari. Wanda bai fahimci wannan rabo ba, ba zai gane dalilin da ya sa kowane kiɗa yake inda yake ba.

4.0 Wuraren Kiɗa

4.1 Ƙofar Fada

Ƙofar gidan sarki ko ta hakimi ita ce wurin kiɗa mafi tabbas, domin ita kaɗai ce take da lokutan da ba sa sauyawa. A masarautu da yawa makaɗan fada kan hallara ran Alhamis da dare, watau daren Juma'a, su yi kiɗa da busa, abin da a wasu wurare ake kira sara. Haka kuma akan yi kiɗa a daren Salla da ranar hawa, da ranar naɗin sarauta, da lokacin da babban baƙo ya sauka. Kayan kiɗan wannan wuri su ne tambari da kakaki da algaita da kotso da taushi, ko da yake ba kowace fada ce take da iznin mallakar dukkansu ba.

Makaɗin fada na ubangidansa ne, inda ubangida yake nan yake. Salihu Jankiɗi mutumin Rawayya ne ta ƙasar Zamfara, amma a Sakkwato ya ƙare rayuwarsa yana Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III, har ya rasu a 1973. Aliyu Ɗandawo ya fito daga Shuni, ya zauna Argungu, daga baya ya koma Yawuri. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a Bakura aka haife shi amma da Maradun aka san shi. Ibrahim Narambaɗa kuwa ba a raba sunansa da fadar Sarkin Gobir na Isa. Tun a 1957 M. G. Smith ya nuna cewa roƙo da wasa sarakuna wata hanya ce ta bayyana wa jama'a matsayin kowa. Saboda haka waƙar fada da aka ji a waya, ba a ga wanda ake yi wa ita ba, ba a ga wanda ake yi wa zambo yana zaune a gefe ba, rabin waƙa ce kawai aka ji.

4.2 Kasuwa

Kasuwar ƙauye da ta gari mako mako take ci, kuma ranar kasuwa ranar kiɗa ce. Kalangu asalinsa na mahauta ne, shi ya sa rumfar Sarkin Fawa take cikin wuraren da ya kamata mai bincike ya fara leƙawa. A cikin kasuwa kuma ake gamuwa da 'yan kama da 'yan gambara da masu tallar magani da almajirai masu waƙar bara. A da, in kasuwa ta fara watsewa da la'asar, masu kalangu kan tsaya gefe su kaɗa wa 'yan matan da suka kawo talla, samari suna kari. Wannan na ƙarshe ya ja baya ƙwarai, amma har yanzu kasuwa ce inda labarin kowane biki da kowane wasa na ƙauyukan kewaye yake haɗuwa.

4.3 Dandali

Dandali shi ne makarantar farko ta kiɗa da waƙa. Da farin wata 'yan mata kan fito gaɗa, su tsaya da'ira suna tafi, ɗaya tana bayarwa saura suna amsawa. In akwai mai kalangu sai a haɗa da rawa, Sarkin Samari da shugabar 'yan mata suna kula da tsari. A nan ne ake samun abin da ya fi kama da zaman kiɗan Ailan ta fuska ɗaya, watau masu yi su ne masu saurare, ba wanda ake biya, kuma duk wadda ta san amshi tana iya shiga. Makarantun Islamiyya na dare da wa'azin malamai da kallon finafinai a waya sun rage wa dandali jama'a, har a manyan garuruwa ya kusa zama labari. A ƙananan ƙauyuka da rugage ne ake iya dacewa da shi.

4.4 Fagen Dambe da Kokawa

Da kaka, in an kai amfanin gona gida, aljihu ya yi nauyi, sai a buɗe fagen dambe da kokawa. Dambe ma wasan mahauta ne a asali, shi ya sa kalangu yake mulki a wurin. Kowane ɗan wasa yana da takensa, da ya ji an kaɗa sai ya zabura ya fito yana kirari. Muhammadu Bawa Ɗan'anace na Gandi ya yi suna a wannan fanni, musamman da waƙoƙin da ya yi wa Shago da Ɗandunawa. Wannan fage yana cikin waɗanda suka tsira, har ma ya sami sabon mazauni, domin a manyan birane an kewaye gidajen dambe ana shiga da kuɗi. Ga mai neman kiɗan gargajiya a birni a yau, gidan dambe shi ne wuri guda da za a iya kwatanta masa a ce je ka da yamma za ka samu. Fulanin yankin kuma suna da sharo, wanda yake da nasa kiɗa da busa.

4.5 Gona da Bakin Ruwa

Kiɗan sana'a a wurin sana'ar yake. Gangar noma tana fita ne ranar gayya, a tsakiyar damina, sa'ad da sauran kaɗe-kaɗe suka yi shiru. Maƙera suna da dundufa, mafarauta da 'yan tauri suna da nasu. Masunta kuma suna da ranarsu, kamar kamun kifi na Romo a ƙasar Tambuwal, da kuma babban bikin Argungu, wanda ake ƙirga farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Sai dai a lura, noman gayya ya ragu tun da aka koma ga 'yan ƙwadago da garmar shanu da maganin feshi. In babu gayya, ba wanda zai kira mai gangar noma.

4.6 Cikin Gida

Akwai kiɗan da namiji baligi ba ya gani sai dai ya jiyo ta bayan danga. Kiɗan ƙwarya da na shantu, da waƙoƙin daka da niƙa da daɓe da reno, duk na cikin gida ne, kuma lokacinsu shi ne biki da suna da aikin yau da kullum. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da kiɗan ƙwarya bainar jama'a, amma dubban irinta ba su taɓa ƙetare zaure da waƙarsu ba. Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, siminti ya kashe waƙar daɓe. Wannan fage na ɗalibai mata ne, kuma tsofaffin da suka haddace waɗannan waƙoƙi ba su da yawa yanzu.

5.0 Gidan Magajiya da Otal

Duk wuraren da aka ambata a sama lokaci ne yake buɗe su, lokaci yake rufe su. Wuri ɗaya ne tak a ƙasar Hausa ya taɓa zama kamar mashayar Ailan, inda baƙo zai sauka gari kowane dare ya tambaya a nuna masa, shi ne gidan magajiya, daga baya kuma otal da kulob.

Magajiya ita ce shugabar mata masu zaman kansu a gari, kuma sau da yawa ita ce uwar 'yan bori. A gidanta masu garaya da masu goge suke sauka, a nan ake girka, a nan ake shirya ajo, watau wasan da ake gayyatar jama'a don a tara wa wani gudummawa. Fatake da direbobi da 'yan ci-rani su ne masu kari. Labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 ya nuna yadda bori da wannan rukuni na mata suke tafiya tare a ƙasar Zazzau, Anthony King ya rubuta kiɗan borin Katsina a 1967, Fremont Besmer kuma ya yi na Kano a 1983.

Otal kuwa ɗan zamanin Turawa ne. Yarjejeniyar Birasal ta 1890 ta sa Arewa cikin yankunan da aka hana shigar da barasa, saboda haka Turawan mulki suka taƙaita sayar da giya a barikoki da unguwannin baƙi irin su Sabon Gari. A nan otal-otal suka tsiro, kuma bayan samun mulkin kai suka yawaita a manyan garuruwa da mahaɗar hanyoyin mota. Masu otal suna bukatar abin da zai tara musu jama'a, masu goge da kukuma kuma suna bukatar wurin da ba za a kore su ba, sai kowace ƙwarya ta sami abokin burminta. Zamanin da kukuma ta yi tashe, aka san Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam, ya zo daidai da zamanin waɗannan gidaje, ko da yake sun yi wasa a bukukuwa da gidajen rediyo ma. Mamman Shata kansa bai ɓoye cewa yana wasa a irin waɗannan wurare ba.

Ke nan wurin da ya fi kowanne tabbas ga mai neman kiɗa shi ne kuma wanda ya fi kowanne ƙasƙanci a idon jama'a. Mutumin kirki ba ya so a gan shi a can, ɗan malam ba ya bi ta ƙofar. A Ailan mashaya ɗakin hirar unguwa ce, a ƙasar Hausa kuwa abin kunya ce, a gari irin Tambuwal mai tarihin ribaɗi balle fa. Don haka da aka tashi rushe wannan mazauni ba a sami mai tsaya masa ba. Wa'azin ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya tsananta suka a kan bori da kaɗe-kaɗe. A watan Oktoba na 1999 aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, Jihohin Sakkwato da Kebbi suka bi sahu a shekarar 2000, aka rufe gidajen giya da na mata masu zaman kansu. Masu goge da garaya da yawa suka ajiye sana'ar, wasu suka koma jihohin da dokar ba ta kai ba.

Wannan maƙala ba ta zo yin kukan rufe gidajen giya ba. Al'umma tana da ikon ta zaɓi abin da za ta zauna da shi. Abin da ya shafi manazarci shi ne, a cikin waɗannan gidaje akwai wata dukiya ta harshe da aka rufe tare da su ba da an nufa ba: kirarin iskoki mai ɗauke da tsofaffin kalmomi da sunayen wurare da na sarautu, da karin goge da kukuma, da ilmin haɗa kayan kiɗan kansu, tun daga zaɓen ƙwarya da fata har zuwa ɗaure izga. Goge ba a koyonsa daga littafi. Yaro ne yake bin maigidansa shekara da shekaru, yana ɗaukar kaya, yana kaɗa ƙwarya, har hannunsa ya faɗa. In babu wurin zama kullum, babu yaron da zai koya.

6.0 Abin da Ya Ƙara Sauya Al'amari

Ban da wannan, akwai wasu dalilai uku. Na farko shi ne na'ura. Rediyo, tun daga gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 har zuwa Rima ta Sakkwato, ta ɗaukaka makaɗa ta kai muryarsu inda ƙafarsu ba ta kai ba, kaset ya biyo baya, yanzu kuma waya. Amma abin da ya sa a ji makaɗi ko'ina shi ne ya sa ba dole a kira shi ba. Na biyu shi ne mawaƙan zamani masu fiyano, waɗanda suka karɓe yawancin bukukuwan aure da tarurrukan siyasa. Mai biki yakan ga ya fi masa sauƙi ya ɗauko mai lasifika ɗaya da ya ciyar da ƙungiyar mutum goma. Na uku shi ne rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga da suka addabi Zamfara, har gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako a 2021, sun taɓa ƙauyukan kudancin Sakkwato da ke iyaka da ita. Kiɗan gargajiya ɗan dare ne kuma ɗan tafiya, ga shi dare da hanya su ne abin da tsoro ya fara ƙwacewa.

7.0 Yadda Mai Bincike Zai Nema

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ƙa'idoji kaɗan.

Na farko, a duba lokaci kafin a ɗaura niyya. Daga kaka zuwa tsakiyar rani ne kakar kiɗa, lokacin aure da dambe da kokawa. Da damina sai gangar noma. Da azumi kiɗa yakan tsaya, sai tashe daga goma ga wata da masu tayar da mutane sahur. Salla ƙarama da babba su ne ranakun fada.

Na biyu, a shiga gari ta ƙofa. A fara kai gaisuwa fada, a faɗi a ce "Allah ya ba ka nasara," a bayyana abin da ya kawo mutum, a roƙi a haɗa shi da Sarkin Makaɗa. Wanda fada ta ba ɗan rakiya, kowace ƙofa a buɗe take gare shi.

Na uku, a san waɗanda labari yake hannunsu. Sarkin Fawa ya san masu kalangu da ranar dambe. Wanzami ya san gidan da za a yi suna. Maroƙi da sanƙira sun san kowane ɗaurin aure. Dillaliya ta san gidan da za a kafa ƙwarya. Masu tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa sun san makaɗin da ake yayi a ƙauyuka, wani lokaci ma suna da hanyar samunsa. Matambayi ba ya ɓata.

Na huɗu, a kiyaye haƙƙin makaɗi. Kiɗa sana'arsa ce, ba a zuwa masa hannu rabbana. A kira shi da sarautarsa in yana da ita, a nemi izninsa kafin a ɗauki murya ko hoto, a gaya masa inda abin zai je. Wanda ya tuba da kiɗan bori ya ce ba ya son a tayar da maganar, a ƙyale shi. In ya yarda ya yi bayani ba tare da an ambaci sunansa ba, a cika masa alkawari.

Na biyar, a rubuta mahallin waƙa tare da waƙar: rana da wuri da sha'anin da ake yi, da wanda aka yi wa, da sunayen 'yan amshi da kayan kiɗansu, da wanda ya yi kari da abin da ya bayar, da inda jama'a suka yi shewa ko dariya. Ƙamusun kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971 ya ware sashe guda ga lokutan kiɗa da wurarensa, ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau kuma sun tanadi tarihin makaɗa da hanyar nazarin waƙoƙinsu. Abin da ya rage shi ne a bi gunduma gunduma a rubuta abin da ke nan yanzu. Waƙar da aka sa makaɗi ya rera a ɗakin saukar baƙi don na'ura kawai, ba daidai take da wadda ya yi a gaban ubangidansa ba. Gani ya kori ji.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa mai neman kiɗan gargajiya a ƙasar Tambuwal da Kebbe ya kamata ya tambayi yaushe, kuma don wa, kafin ya tambayi ina. An ga cewa kiɗan fada da na dambe suna da sauran ƙarfi domin iyayen gidansu suna nan, kiɗan dandali da na gona da na cikin gida suna ja da baya domin ayyukan da suka haife su suna sauyawa, kiɗan goge da garaya da kukuma kuwa ya rasa mazauni gaba ɗaya.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Misalin Ailan ya nuna cewa kiɗan da ya bar ɗakin girki ya sami wani wuri ya rayu. Ba mashaya ce za ta zama wannan wuri a ƙasar Hausa ba, amma akwai wuraren da jama'a ba sa jin kunyar shiga. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da sassan nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kwalejojin ilmi, da fadojin hakimai, kowannensu yana iya ware rana ɗaya sananniya a wata, da rana tsaka, a gayyato tsofaffin makaɗa su yi kiɗa a biya su, ɗalibai su saurara su rubuta, yara masu sha'awa su sa hannu. Abin da ake bukata shi ne ranar ta tabbata har mutane su san da ita, yadda in baƙo ya tambaya za a iya gaya masa wuri da lokaci. In ba a yi haka ba, ɗalibin da zai fita bincike nan da shekara ashirin zai tarar da kayan kiɗan a rataye a gidan tarihi, amma ba zai sami wanda ya san yadda ake kaɗa su ba.